Wankin Nozul: Tambayoyin Masu Mota a Kaduna da Amsoshinsu

A garejin Kaduna, daga Panteka har Kakuri, babu hukuncin da ake saurin yanke wa mota kamar "sai an wanke nozul". Ta yi karkarwa a silo, nozul. Ta fara shan mai, nozul. Ta yi gardamar tashi da safe, nozul. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa ana kwance abin da lafiyarsa lau, a bar mai ciwon a jikin mota, maigida ya biya kuɗi ya koma gida da matsalarsa. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu mota, da amsar da zan ba ɗan'uwana in shi ya tambaye ni.

Wai mene ne aikin nozul ɗin nan da ake ta magana?

Shi ke fesa fetur cikin injin. Famfon da ke cikin tanki yana turo mai zuwa wani dogon ƙarfe mai rami a saman injin, wanda makanikai ke kira rel, nozul kuma suna soke a jikinsa, kowace silinda da nata. A cikin kowanne akwai naɗin waya da 'yar allura. Kwamfutar mota, wato birenbos, tana aiko wuta, naɗin ya zama maganaɗisu ya ɗaga allurar, mai ya fita. Ta ɗauke wutar, sifirin ya mayar da allurar ta rufe. A silo, buɗewar ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya ba.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne kwamfuta ba ta ganin man da ya fita daga kowane nozul. Lokaci kawai take ƙirgawa, sannan ta tambayi sensar da ke jikin salansa ko haɗin iska da mai ya yi daidai, wato kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Idan nozul ɗaya ya toshe, sensa za ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta kuma ta ƙara wa dukkansu, har da masu lafiyar. Shi ya sa nozul mai ba da mai kaɗan yake iya sa mota shan mai da yawa.

Ramukan bakinsa kuwa, wasu 4 wasu har 12, kowanne bai kai rabin milimita ba. Lafiyayye yana fitar da mai kamar feshin kwalbar turare, mai ciwo kuwa tsiyaya yake yi ko ya karkace gefe.

Bakanike ya ce ya wanke min injekta, amma feshi kawai na ga ya yi a inda bututun iska ya shiga injin. An yi aikin kuwa?

An yi wani aiki, ba wannan ba. Wurin da ya fesa shi ne bakin injekta, ƙofar iska da totur ke buɗewa. Yana tara baƙin datti, musamman da hunturu in ƙura ta yi yawa kuma filtar iska ta gaji, wanke shi kuma yakan daidaita silo. Amma fetur ba ya bi ta nan, feshin kuma bai shiga cikin nozul ko ɗaya ba. Kafin a fara aiki ka tambaya a fili: bakin za a wanke, ko nozul za a ciro? Kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

Me ke toshe nozul?

Abu biyu ne, maganinsu kuma daban.

Na farko danƙo. Idan ka kashe mota da zafinta, ɗigon man da ya rage a bakin nozul yana dahuwa, mai sauƙin ya tashi, mai nauyin ya bushe ya bar wani kauri mai ruwan ƙasa. Kaɗan-kaɗan yake taruwa. Motar da ke gajeren zirga-zirga, a kai yara makaranta a kashe, a je Kasuwar Barci a kashe, a tsaya cunkoson Ahmadu Bello Way, ta fi tara shi a kan wadda ke bin hanyar Zariya ko Abuja kullum. Motar da aka ajiye wata da watanni ita ma haka, don fetur yana tsufa a tanki, zafin garinmu kuma yana gaggauta masa.

Na biyu datti na gaske: yashi, tsatsar tanki, ruwa. Wannan a ƙaramin rariyar da ke saman nozul yake maƙalewa, ko ya sa allurar ta yi tsatsa. Da damina ruwa yakan shiga tankin ƙasa na gidan man da ba a kula da shi. Gurɓataccen mai ma ba tatsuniya ba ce. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur ta tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, kamfanin NNPC kuma ya ce daga Antwerp ta Beljiyam aka ɗauko shi. Metanol yana cin roba, yana janyo ruwa, masu mota da yawa sun ji a jikinsu a lokacin.

Danƙo yana narkewa da magani. Yashi da tsatsa ba sa narkewa, sai an kwance.

Wace alama zan gani?

Karkarwa a silo, misin (wato wata silinda ta riƙa tsallake kama wuta), shaƙewa in ka taka totur za ka wuce wata mota, raguwar ƙarfi a hawa, shan mai, fitilar cek injin. Idan nozul yoyo yake yi maimakon toshewa, alamar takan canza: mota ta tashi lafiya da safe amma ta yi gardama bayan an kashe ta da zafi na rabin awa, salansa ta ba da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, baƙin mai ya tsinke har ka ji warin fetur a sandar gwaji.

Sai dai duk alamomin farkon nan, fulogi da ya mutu yana kawo su. Kwayil, mai ba fulogi wuta, yana kawo su. Famfo mai rauni, tiyon iska da ya tsage, sensar iska da ƙura ta rufe, duk suna kawo su. A motocin da na sani, kwayil da fulogi sun fi nozul yawan laifi nesa ba kusa ba.

To yaya za a tabbatar nozul ne kafin a kwance?

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi tsallakewa.

A fara da sa na'urar sikanin. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, mafi yawan motocin Kwatano da muke hawa kuma suna da shi. Lambar P0301 zuwa P0304 tana nufin misin a silinda ta 1 zuwa ta 4. P0300 misin ne barkatai. P0171 mai ya yi kaɗan, P0172 ya yi yawa. P0201 zuwa P0204 kuwa matsalar wuta ce a layin nozul, waya ko soket ko naɗin ciki, wanda ko shekara aka yi ana wanki ba zai gyaru ba. Babu lamba ɗaya da ke cewa "nozul ya yi datti". Mai na'urar da ya karanta P0171 ya ce maka kai tsaye a wanke nozul, lamba ya karanta, bai binciki mota ba.

Ka ce ya nuna maka LTFT, adadin man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa. In ya haura 10 cikin 100, akwai magana. Idan yana sama a silo amma ya sauko da aka ba ta wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, a nemi tiyo ko gasket da ya tsage. Idan kuwa yana ƙaruwa ne yayin da injin ke ɗaukar nauyi, man ne ba ya isa, sai a duba famfo da filta da nozul, a wannan jerin.

Sai a auna firesha a rel da agogonta. Mota mai nozul na yau da kullum tana son 40 zuwa 60 a ma'aunin PSI, gwargwadon ƙirarta. Cire tiyo a ga mai yana feshi a ce "famfo lafiya lau" ba awo ba ne. Bayan an kashe mota, a bar agogon a jiki. In allurarsa ta faɗi da sauri, wani wuri yana yoyo, nozul na cikin waɗanda ake tuhuma.

In misin ɗin na silinda ɗaya ne, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: musanya. A ɗauke kwayil ɗin silinda ta 2 a kai ta 3. Lamba ta koma P0303, kwayil ne. Ba ta motsa ba, a musanya fulogi. Har yanzu tana nan, sai a musanya nozul. Ana kuma ɗora bakin dogon sukundireba a jikin nozul, a kara kunne a mariƙin, a ji ko yana ƙas-ƙas-ƙas daidai da 'yan'uwansa. Mai waya zai iya auna naɗin da mita. Yawancin na Toyota da Honda sukan nuna om 10 zuwa 16, kuma ya kamata duka su yi kusa da juna.

Wannan duka bai fi aikin awa ɗaya ba a hannun wanda ya iya.

A garejinmu ana ciro su, a jona da batir, a fesa maganin gwangwani. Laifi ne?

Kaduna garin Fijo ne. PAN, masana'antar Fijo ta Nijeriya, ta fara haɗa mota a Kakuri a 1975, manyan ogogin gareji da yawa kuma a kan kafireton 504 suka koyi sana'a. Kafireto mai haƙuri ne: a kwance, a hura jet da baki, a zura siririyar waya, a mayar, ya tashi. Hannun da ya saba da haka shi ya koma kan nozul da 406 da Camry da Honda suka cika gari, nozul kuwa ba ya ɗaukar irin wannan wasa.

Wankin batir yana fitar da ɗan datti, ban musa ba, kuma in a hanya mota ta tsaya maka zai iya kai ka gida. Matsalarsa uku. An ƙera naɗin ne don wuta ta zo ta ɗauke cikin ƙiftawar ido; in aka danna masa batir aka riƙe, zafi yake ɗauka, wasu nau'in ma nan take suke ƙonewa. Na biyu, tartsatsin wayar batir kusa da feshi mai kama wuta, a garejin da fetur ke zube a ƙasa. Na uku, wanda ya fi damuna, babu awo. Yaro ya fesa, ya ga abu ya fito ta ɗaya bakin, ya ce "Oga, ya buɗe." Ya buɗe nawa? Daidai da sauran ukun? Yana rufewa ruf kuwa in an ɗora masa firesha? Ido ba ya ba da wannan amsa.

Abin da ba za ka yarda da shi ba ko kusa: zura allura ko waya a ramin, goge bakin da burushin ƙarfe ko samfefa, da bubbuga shi a jikin ƙarfe. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, mota kuma za ta riƙa shan mai har ranar da aka sauya nozul ɗin.

Wankin na'ura fa, me ya kamata in gani da idona?

Na'urar tana da kwalabe masu ma'auni a jere, sau da yawa 6, da wani ƙaramin kwano a gefe. Irin ta kamfanin Launch ce aka fi gani. Aikin da aka yi da kyau yana tafiya ne haka.

Ana fara gwaji kafin wanki. A ɗora nozul duka, a kunna, kowanne ya fesa a kwalbarsa na lokaci ɗaya, ka duba da kanka ko man ya tsaya a layi guda. Masu aikin sukan ɗauki bambancin da ya wuce kashi 5 cikin 100 a matsayin matsala. A duba siffar feshin. A ɗora firesha ba tare da an buɗe su ba, a ga ko wani zai ɗiga. Sai a ciro tsohon rariyar saman, a jera su a kwanon, inda girgiza mai saurin da kunne ba ya ji take kakkaɓe danƙon yayin da na'ura ke buɗe su tana rufewa. A tura ruwan wanki ta baya don dattin ya fita ta inda ya shigo. A sa sabon rariya da sababbin robobin da ke toshe sama da ƙasan nozul. Sannan a maimaita gwajin farko.

In gwajin farko ya nuna duka daidai suke, ka gode wa Allah ka sa a mayar, ciwon yana wani wuri. In an wanke ɗaya ya ƙi daidaituwa ko yana ɗiga, ya gama aiki. Akwai wuraren da na'urar tana nan amma ado ce, a tsoma a kwano minti biyar a ciro, ba gwajin farko ba na ƙarshe. Ka tsaya a kan kayanka, ko ka ce a ɗauko maka bidiyon kwalaben.

Maganin da ake zubawa a tanki yana aiki, ko cin kuɗi ne?

Mai kyau yana aiki a kan danƙo, in abin bai yi nisa ba. Sinadarin da aka fi yarda da shi ana rubuta shi PEA a jikin kwalba, shi ne a cikin Techron na kamfanin Chevron da wasu irinsa. Littafin motocin Hyundai da Kia na Amurka ma ya ba da shawarar a riƙa zuba irin wannan lokaci-lokaci in ba a samun fetur mai isasshen sinadarin wanki. Ka bi abin da aka rubuta: kwalba ɗaya a yawan litar da aka ce. Zuba kwalba biyu a kan lita 10 ba ya ninka aikin. Ya fi kyau ka zuba in za ka yi doguwar tafiya, Kano ko Abuja, kuma gab da canjin baƙin mai.

Ba ya narkar da yashi, ba ya gyara naɗin da ya ƙone, ba ya tsayar da yoyon allurar da ta cinye. Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa. Kwalbar da ake talla da ita a bakin titi a rabin kuɗin shago, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Wani ya ce in zuba kananzir, ko tina, ko ƙwayar kafur.

Kada ka zuba. Kananzir yana rage ƙarfin fetur ya sa injin ƙwanƙwasa. Tina tana cin roba. Kafur yana barin nasa dattin. Man birki da man giya ma ba su da abin yi a tanki.

Duk sabis ake wanke nozul?

A'a. Sabis na baƙin mai ne da filta. Jadawalin kula da mota na Toyota da Honda bai sa kwance nozul a cikin aikin da ake yi a kai a kai ba, kuma akwai Corolla da yawa a garin nan da suka haura kilomita 200,000 ba a taɓa taɓa nasu ba. Kowace kwancewa dama ce ta yage roba, karya soket, ko zuba ƙasa a ramin injin. Motar da ke tafiya lafiya, a bar ta.

Tun da mai ya yi tsada, na dubu biyar nake sha kullum, fitila a kunne. Yana da illa?

Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa a watannin da suka biyo baya, motocin gari da yawa da jar fitila suke yawo. Ba wanda zai ga laifin kowa. Amma a san abin da ake saya da hakan.

Ana cewa in mai ya yi ƙasa famfo yana zuƙo dattin gindin tanki. Gaskiyar ita ce kullum daga gindin yake zuƙa, ko tanki cike yake. Illar ta wani wajen take. Fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. In babu, yana zafi, yana zuƙar iska a kwana da gargada, yana cinyewa, firesha ta ragu, mota ta fara shaƙewa, a ce nozul. Tankin da kullum babu komai a ciki kuma yana tara raɓa, in na ƙarfe ne ya yi tsatsa.

Lissafin ma bai nuna riba ba. Man da za ka ƙona a mako ba ya canzawa, ko allura tana kwata ko tana ƙasa. In Allah ya hore sau ɗaya ka kai ta kwata, sai ka ci gaba da zuba na dubu biyar ɗinka a kai.

Man bumburutu fa?

In dole ta sa, a tace da kyalle mai tsabta. Jarkar da ta kwana a bakin titi da hazo, da mazurarin da ke ajiye a ƙasa, su ne hanyar da ƙurar hunturu ke bi ta isa nozul, don ta filtar iska ba ta isa can. Balle in an haɗa man da wani abu. A gidan mai kuwa, ka riƙe wanda motoci ke yawan shiga, mansa ba ya daɗewa a ƙasa. In ka tarar tanka tana sauke mai, ni dai nakan wuce in dawo, don lokacin ne abin da ya kwanta a gindi yake tashi.

Ina filtar mai take? Bakanikena ya ce motata ba ta da ita.

Tana da ita. A Golf 3 da tsofaffin Camry a waje take, gwangwani ce a kan layin mai, sauya ta kuma ba wuya. A Corolla daga 2003 da yawancin motocin bayan nan, tana cikin tanki haɗe da gidan famfo, shi ya sa ake mantawa da ita. 'Yar rigar da ke ƙasan famfo ba ita ce filtar ba, rariyar farko ce kawai. Duk ranar da aka sauya famfo a duba su duka biyun, a leƙa cikin tankin da tocila. Wanke nozul a mayar a kan tanki mai tsatsa, bayan wata ɗaya za ka dawo.

Na mayar da motata mai amfani da gas na CNG. Nozul ɗin fetur ya huta ke nan?

Hutun ne ciwonsa. Gas yana da nasa nozul daban da tasa filtar, ita ma tana son sauyi. Na fetur kuwa suna nan soke a injin mai zafi, mai ba ya wucewa sai na 'yan mintocin tashi da safe, wanda ke tanki kuma yana tsufa. A motoci da yawa famfon yana ci gaba da juyawa ko ana kan gas, don haka barin tanki a bushe yana kashe shi. Ka bar aƙalla kwata, kuma sau ɗaya a mako ka yi tafiya mai ɗan nisa a kan fetur, ko daga Kawo zuwa Sabon Tasha ne. In ba haka ba, ranar da layin gas ya yi tsawo ka ce bari ka koma fetur, ranar za ta ƙi tafiya.

Motata an rubuta GDI a murfin injin. Daidai take da sauran?

Ba daidai take ba, kuma a nan ne ake yin ɓarna mai tsada. GDI na Hyundai da Kia, D-4 na Toyota, FSI da TSI na Volkswagen, CGI na Marsandi, Lexus IS250, da Honda Accord na kasuwar Amurka mai injin 2.4 daga 2013, duk nozul ɗinsu cikin silinda yake fesawa kai tsaye. Suna da famfo na biyu a jikin injin da ke kai firesha wajen PSI 2,000 ko fiye. Bakin nozul yana da wani farin zobe na Teflon da ba a mayar da tsohonsa, sa sabon kuma da kayan aikinsa na musamman. Na wasu motocin Jamus sai an shigar da lambarsa a kwamfuta. Na'urar wanki ta yau da kullum ba ta kai fireshar da za ta gwada su yadda suke aiki a mota ba.

Akwai kuma ciwon da ya keɓanta da su. Tun da fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska, baƙin gawayi yana taruwa a can har ya kawo misin da safe. Maganin tanki ba ya isa wurin, wankin nozul ma haka. Sai an cire manifol, bututun da ke raba iska zuwa silinda, an kankare. Kafin ka ba da irin wannan mota, tambayi mai garejin ko ya taɓa yin irinta, kuma ko yana da sababbin zoben a hannu.

Hilux ɗina na dizal ne.

Wannan aikin masu famfon dizal ne, ba na kowane gareji ba. Injin 1KD da 2KD da waɗanda suka biyo bayansu suna aiki da firesha wajen PSI 20,000 ko fiye. Feshin da ya tsira daga bututun da ya tsage yana huda fata, don haka ba a laluben yoyo da hannu, ba a kuma sassauta bututu injin na aiki yadda ake yi wa tsofaffin motoci. Kowane nozul yana da lambar da ake shigar wa kwamfuta in an sauya shi ko an canza masa silinda. Wanshar tagulla da yake zama a kai sabuwa ake sawa duk kwancewa. In ta yi yoyo, gawayi yana gangarawa cikin baƙin mai har ya toshe rariyar famfon baƙin man, injin ya tafi. Babban maƙiyinsu ruwa ne da dizal ɗin da aka sirka da kananzir, don man da kansa shi ne maiƙon da ke hana su cinyewa. Fitilar ruwa ta filta in ta kama, a tsiyaye a ranar.

An wanke, mota ta fi da lalacewa. Me ya faru?

Fara da hanci. In kana jin warin fetur a gaban mota, kashe ta nan take, kada ka ce bari in kai gareji. Robar sama ce ta yage ko ba ta zauna ba, mai yana zuba a kan injin mai zafi, gobarar mota da yawa daga nan take farawa. In babu wari amma silo ya hau ko yana karkarwa, robar ƙasa ce ke shan iska, ko an manta wani tiyo, ko soket bai shiga ba. In an haɗa da wanke bakin injekta, wasu motocin sai an sake koya wa kwamfuta silo da na'ura.

Yawancin wannan ana kauce masa da abu kaɗan. A cire fiyus ɗin famfo a bar mota ta mutu da kanta kafin a kwance rel. A hure ƙasar da ke kewaye da nozul kafin a zare shi. A sa sababbin robobi, a shafa musu ɗan baƙin mai mai tsabta, ba girisi ba, ba gam ba. A kunna makulli sau biyu ko uku ba tare da an tayar ba, a duba yoyo, sannan a tayar.

In dole sai an sauya, sabo zan saya ko na Beljiyam?

Sabo na asali, Denso ko Bosch ko Keihin, ya fi, in aljihu zai ɗauka kuma ka amince da mai shagon. Sabo mai araha a kwali mai ƙyalli shi ne na fi tsoro. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa huɗun ba sa ba da mai daidai da juna tun ranar farko. Tsakanin wannan da na Beljiyam na asali, na Beljiyam zan ɗauka.

Amma da lamba ake saye, ba da kala ko "ai ya shiga" ba. Nozul biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya ya fi ɗaya ba da mai nesa. Na Toyota lambar tana jikinsa, tana farawa da 23250, na Bosch kuma da 0280. Tafi Panteka ko Oriakpata da tsohon a hannu, a gwada lamba da lamba. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za a ɗora a na'ura tare da sauran naka ukun kafin a sa a mota, wanda ya faɗi gwaji ko ya ɗiga za ka dawo masa da shi ya canza.